Fashin Baƙi: Ƙaurar Rumbun Bayanai Zuwa Sabuwar Sabar Ta Hanyar Fayilolin Ajiya

Duk mai kula da rumbun bayanai na wata ma'aikata, ko ba jima ko ba daɗe, ranar ƙaura za ta same shi. Kamfanonin da ke ƙera manhajojin rumbun bayanai, irin su SQL Server da MySQL da PostgreSQL, ba sa goyon tsohuwar siga har abada. Kamfanin Microsoft ya janye tallafi daga SQL Server 2008 da 2008 R2 a watan Yulin 2019, ya janye daga na 2012 a Yulin 2022, na 2014 kuma a Yulin 2024. Oracle ya rufe babin MySQL 5.7 a Oktoban 2023. Masu PostgreSQL kuwa shekara 5 suke ba kowace babbar siga, daga nan su sallame ta. Janye tallafi ba ya kashe sabar, wato kwamfutar da rumbun ke zaune a kanta, za ta ci gaba da aiki lafiya ƙalau a ido. Abin da ya tsaya shi ne gyaran tsaro. Duk ɓarakar da aka gano bayan wannan rana haka za ta zauna a buɗe, alhali a cikin rumbun akwai albashin mutane, ko bayanan marasa lafiya, ko lissafin kuɗin abokan ciniki.

Hanyoyin ƙaura suna da dama, amma wadda aka fi bi, kuma wadda ni ma na fi yarda da ita, ita ce a kafa sabuwar sabar a gefe, a ɗauki kwafin ajiya daga tsohuwar, a maido shi a kan sabuwar. Dalilina ɗaya ne, kuma ya isa: tsohuwar sabar tana nan ba a taɓa ta ba. Wanda ya ɗora sabuwar siga kai tsaye a kan tsohuwa, idan aikin ya cije a tsakiya, ya rasa tsohuwar bai samu sabuwar ba. Wanda ya bi ta fayil ɗin ajiya yana da wurin komawa, kuma yana iya gwada ƙaurar sau nawa ya ga dama kafin ranar gaskiya.

Sai dai sauƙin hanyar shi ne yake yaudarar mutane. Umarni biyu ne kawai, na ɗauka da na maidowa, allo ya nuna an kammala cikin nasara, mutum ya ɗauka ya gama. Tsugune ba ta ƙare ba. Fayil ɗin ajiya yana ɗauke da rumbun, amma ba ya ɗauke da duk abin da rumbun ya jingina da shi. Kamar mai tashi daga gida ne da ya kwashe kayansa kaf ya loda a mota, ya isa sabon gida sannan ya tuna makullai da wayar wuta da famfon ruwa ba sa shiga akwati. Yawancin wahalar ƙaura daga nan take fitowa.

Kafin a kai ga wannan, sai an san wane irin fayil ne a hannu, domin kwafin ajiya iri biyu ne kuma halinsu ya sha bamban wurin tsallaka siga. Na farko kwafin zahiri ne, wanda ke ɗaukar shafukan bayanai yadda suke a kan faifai. Fayil mai ƙarewa da .bak na SQL Server irin wannan ne: shafuka masu girman kilobayit 8, ɗaya bayan ɗaya, tare da ɗan abin da ake buƙata daga kundin mu'amala, wato fayil ɗin da ke rubuta duk sauyin da aka yi wa rumbun, domin rumbun ya tashi daidai. Na biyu kwafin umarni ne, irin wanda pg_dump na PostgreSQL da mysqldump na MySQL ke fitarwa. Shi ba shafuka yake ɗauka ba, bayani yake rubutawa: ƙirƙiri tebur kaza, zuba layuka kaza, gina fihirisa kaza. Na zahiri yana da sauri ƙwarai wurin maidowa, amma a ɗaure yake da tsarin cikin sigar da ta haife shi. Na umarni yana tafiyar hawainiya, domin kowace fihirisa, wato jerin da ke hanzarta neman layuka, sai an sake gina ta daga tushe, amma ya fi sauƙin tsallake iyakar siga da ta na'ura.

A SQL Server, sabuwar siga ta san yadda za ta karanta shafukan tsohuwa ta ɗaga su. Wanda ya taɓa zura wa allo ido lokacin maidowa ya ga abin da idonsa. Kowace siga tana da lambar tsari ta ciki wadda ba ita ce shekarar da ke jikin sunanta ba: ta 2008 R2 ita ce 661, ta 2012 706, ta 2014 782, ta 2016 852, ta 2017 869, ta 2019 904, ta 2022 kuma 957. Da zarar an gama zuba shafukan, sai saƙonni su fara gangarowa layi bayan layi, kowanne yana cewa ana gudanar da matakin ɗagawa daga lamba kaza zuwa ta gaba, daga 661 har a dire a 957. Cikin ɗan lokaci kaɗan ake gamawa. To daga wannan lokacin bakin alƙalami ya bushe ga wannan kwafin. Tsohuwar siga ba ta san lamba 957 ba, kuma ba za ta taɓa saninta ba. Ka ɗauki ajiya daga sabuwar ka kai wa tsohuwar, za ta ƙi da kuskure mai lamba 3169, ta ce an ɗauki fayil ɗin a sigar da ba ta dace da ita ba.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa da abin da ake kira matakin jituwa, wato lambar nan 100 ko 110 har zuwa 160 a sigar 2022 da ake iya sa wa kowane rumbu. Suna zaton idan suka bar rumbun a mataki na 100, wanda ya yi daidai da 2008, to yana nan a matsayin na 2008, ana iya mayar da shi. Ba haka ba ne ko kaɗan. Matakin jituwa yana sauya yadda sabar ke fassara tambayoyi, wato umarnin neman bayanai da manhajoji ke aika mata, da tsara amsarsu, ba ya taɓa tsarin fayil. Fayil ɗin ya riga ya zama na sabuwar siga. Hanyar komawa ɗaya ce: tsohuwar sabar da aka bari, da tsohon kwafin da aka ɗauka kafin ƙaura. Kuma wannan hanyar ma tana da wa'adi. Muddin ba a fara rubuta sabbin bayanai a sabuwar ba, komawa kyauta ce. Da zarar an buɗe wa jama'a, an shigar da ciniki ko da ɗaya ne, komawa na nufin ko dai a yi asarar abin da aka shigar, ko a zauna a kwashe shi tebur-tebur a mayar da hannu. Saboda haka ya kamata a zauna da masu ma'aikata tun da wuri a tsayar da magana: a wane lokaci za a yanke hukuncin ci gaba ko fasawa, kuma wa zai yanke. Ba magana ce da za a bari sai tsakar dare ba, lokacin da kowa ya gaji.

Tsalle ma yana da iyaka. SQL Server 2012 da na bayansa ba sa karɓar ajiyar SQL Server 2000, dole a yada zango a 2005 ko 2008 ko 2008 R2, a maido a can, a sake ɗauka, sannan a wuce. A MySQL hanyar da Oracle ya amince da ita daga 5.6 zuwa 8.0 ita ce a bi ta 5.7. Haka kuma a duba bugun sabar, ba sigarta kaɗai ba. Bugun Express na SQL Server 2022 ba ya ɗaukar rumbun da ya wuce gigabayit 10, kuma rumbun da ke amfani da wani abu na bugun Enterprise zalla ba zai tashi a kan Standard ba.

PostgreSQL nasa tsarin daban ne. Kwafin zahiri da ake ɗauka da pg_basebackup ba ya tsallaka babbar siga sam. Wanda aka ɗauka daga 12 ba zai tashi a 16 ba. Mai son bi ta fayil sai ya yi amfani da pg_dump, kuma shawarar da masu manhajar suka bayar ita ce a yi amfani da pg_dump na sabuwar sigar wurin ɗaukar tsohon rumbun, domin sabon ya san tsohon tsari, tsohon kuwa ba ya yarda ya taɓa sabar da sigarta ta fi tasa sabunta. Wannan ƙaramar ƙa'ida ta taɓa jefa babban kamfani cikin tashin hankali. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da ke adana rubutun manhajoji ga masu ƙera su, ya goge bayanan babban rumbunsu bisa kuskure. Da aka je neman ajiya sai aka tarar babu. Rumbun yana kan PostgreSQL 9.6, amma aikin ajiyar da ke gudana da kansa yana kiran pg_dump na 9.2, don haka kullum yana faɗuwa, saƙonnin gargaɗin da yake aikawa kuma ba sa isa wurin kowa. Abin da ya cece su wani hoton faifai ne da aka ɗauka kimanin sa'o'i 6 kafin lamarin, kuma abin da aka shigar a tsakanin ya tafi. Kamfanin da kansa ya wallafa bayanin yadda abin ya faru. Abin lura ga mai ƙaura shi ne, bayan an sauya siga, kayan ɗaukar ajiya ma sai an duba su, domin suna iya zama a tsohuwar siga ba wanda ya sani.

Wannan ya kawo mu kan ingancin fayil ɗin kansa. Fayil yana iya zama da girma mai kyau da suna mai kyau amma cikinsa a lalace. A SQL Server a riƙa ɗauka da zaɓin CHECKSUM, wanda ke sa a duba shafukan yayin karantawa. Akwai umarnin RESTORE VERIFYONLY, yana da amfani, amma kada a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa: yana tabbatar da cewa fayil ɗin cikakke ne kuma yana karantuwa, ba ya tabbatar da cewa tsarin bayanan da ke ciki lafiya yake. Gwaji na haƙiƙa shi ne a maido, a gudanar da DBCC CHECKDB, umarnin da ke binciken lafiyar rumbun ciki da waje, a kan abin da aka maido. Ni ina ganin wajibi ne a gudanar da shi sau biyu, a tsohuwar sabar kafin a ɗauka, da sabuwar bayan an maido. Idan ba a yi na farko ba, ranar da aka ga ɓarna ba za a san ko ƙaurar ce ta jawo ta ko da ma can tana kwance shekara da shekaru ba, sai a shiga neman laifi inda babu shi.

Wani ɗan tarko da ke kama masu gwaji: idan ma'aikata tana da tsarin ajiya na kullum mai amfani da kwafin bambanci, wato wanda ke ɗaukar abin da ya sauya tun daga cikakken kwafi na ƙarshe, to duk wanda ya ɗauki cikakken kwafi don gwaji ya sauya tushen da ake aunawa daga kansa. Kwafin bambancin daren nan zai dogara da fayil ɗin da ke kan kwamfutar mai gwajin, wanda mai yiwuwa ya goge shi gobe. Maganinsa zaɓin COPY_ONLY, wanda ke ɗauka ba tare da ya taɓa jerin ba.

Yanzu ga abin da ya fi cin mutane. A ɗauka an maido rumbun, an duba lafiyarsa, teburi sun cika, an juya manhajar ma'aikata zuwa sabuwar sabar. Ma'aikaci na farko ya zauna da safe ya buɗe, sai manhajar ta ce an hana shiga. Mai kula da rumbu ya leƙa ciki ya ga sunan mai amfanin yana nan daram. Ya ƙirƙiri asusun shiga da wannan sunan da kalmar sirrin da aka saba, ya sake gwadawa, har yanzu rumbun bai buɗe ba. A nan gizo ke saƙar. A SQL Server asusun shiga yana zaune ne a rumbun tsarin sabar mai suna master, mai amfani kuma yana cikin rumbun da aka ƙaurar, abin da ya haɗa su ba suna ba ne, wata doguwar lambar shaida ce da ake kira SID. Sabon asusun da aka ƙirƙira ya zo da sabuwar lamba, mai amfanin da ke cikin rumbun yana riƙe da tsohuwa, don haka ba su san juna ba duk da sunansu ɗaya. Masu aikin suna kiran irin wannan mai amfani maraya. Ana gyarawa da ALTER USER a sake ɗaura su, amma abin da ya fi shi ne tun farko a ƙirƙiri asusun a sabuwar sabar da tsohuwar lambarsa da kalmar sirrinsa a rufe yadda take. Microsoft yana da rubutun sp_help_revlogin don wannan, akwai kuma tarin kayan aikin dbatools da masu sana'ar suka haɗa. Asusun da suka fito daga Windows ba su cika samun wannan matsala ba idan ba a sauya yankin Windows ɗin da ke riƙe da asusun ba, domin daga can lambarsu take zuwa.

Wani zai ce me zai hana a maido master ɗin ma a huta? Ba ya yiwuwa. Rumbunan tsari, master da model da msdb, ba a maido su a kan wata siga daban. Duk abin da ke cikinsu sai an fitar da shi a matsayin rubutun umarni an sake gudanarwa. A msdb ne ayyukan da aka tsara wa lokaci suke: wanda ke ɗaukar ajiya kowane dare, wanda ke share tsofaffin layuka, wanda ke haɗa rahoto. Waɗannan sun fi asusun shiga haɗari, domin asusun shiga idan ya ɓace ana jin ihu nan take, su kuwa shiru suke yi. Sai a yi makonni sabuwar sabar ba ta ɗaukar ajiya ko ɗaya, kowa yana zaton tana yi. Haka hanyoyin haɗi zuwa wasu sabobi, da saitin aika wasiƙu, da mallakar rumbun kansa, wadda ke komawa sunan wanda ya yi maidowar.

Mafi tsanani a cikinsu shi ne makullin rufe bayanai. Rumbun da aka rufe da tsarin TDE, ajiyarsa ma a rufe take, kuma satifiket ɗin da ke buɗe ta yana cikin master na tsohuwar sabar. Idan ba a fitar da shi tare da makullinsa na sirri an shigar a sabuwar ba, maidowa ba za ta ko fara ba. Idan kuwa an riga an goge tsohuwar sabar ba a fitar ba, fayil ɗin ya zama tarin shara, babu kamfani ko ƙwararren da zai iya buɗe shi. Wannan abu ne da ya kamata a duba kafin komai, a ajiye shi a wuri daban da inda ajiyar take.

Sauran manhajojin ma ba su tsira daga irin wannan ba. pg_dump rumbu ɗaya yake ɗauka, ba ya ɗauko masu amfani da matsayinsu, sai an nemo su daban da pg_dumpall. Ƙarin kayan da aka girka, irin su PostGIS na bayanan taswira, dole a fara girka su a sabuwar na'urar kafin a maido. mysqldump na 5.7 yana ɗauko teburi da abin da ke tashi da kansa idan an taɓa su, amma ba ya haɗawa da ajiyayyun ayyuka da waɗanda aka tsara wa lokaci sai an nema da baki, kuma idan ba a sa masa zaɓin ɗauka cikin mu'amala guda ba, zai kulle teburi mutane su tsaya cik. Sannan MySQL 8.0, wanda ya fito a 2018, ya sauya hanyar tantance kalmar sirri ta asali zuwa caching_sha2_password, tsofaffin manhajoji da yawa kuwa ba su san ta ba. Ya kuma keɓe wasu kalmomi irin su RANK da GROUPS, ta yadda tambayar da ke da shafi mai wannan suna ba tare da alamar kewaye ba za ta fara faɗuwa. A PostgreSQL 14 ma an mayar da scram-sha-256 ta zama hanyar tantance kalmar sirri ta asali.

Akwai batun haruffa, wanda ya shafi duk mai adana rubutun da ba na Ingilishi zalla ba. Tsarin haruffan asali na MySQL 5.7 shi ne latin1, wanda babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa. Na 8.0 shi ne utf8mb4. Manhajoji da yawa sun shekara suna cusa rubutun UTF-8, tsarin da ke ɗauke da waɗannan haruffa, cikin shafukan latin1, abin yana tafiya saboda yadda aka shigar haka ake fitarwa. Ranar ƙaura, kayan ɗauka zai yi ƙoƙarin fassara abin da ya ɗauka latin1 ne, sai kowane harafi mai lanƙwasa ya rikiɗe ya zama wasu baƙaƙe biyu marasa ma'ana. Babu saƙon kuskure, adadin layuka daidai, amma sunayen mutane sun lalace. Ba a gane wannan sai an buɗe layuka an karanta da ido. A SQL Server matsalar takan zo ta ƙa'idar jera haruffa: rumbun ya zo da tasa, sabuwar sabar an girka ta da wata, tempdb kuma, wato rumbun da sabar ke ajiye teburin wucin gadi a ciki, yana bin ta sabar. Duk tambayar da ta haɗa tebur na wucin gadi da na rumbun tana iya faɗuwa da kuskuren saɓani. Sauya ƙa'idar sabar bayan an girka aiki ne mai wahala, gara a duba ta tsohuwar kafin a danna maɓallin girkawa.

Sai maganar tsawon lokacin da za a tsayar da aiki. Ƙaramin rumbu ba shi da matsala: a rufe, a ɗauka, a kwafa, a maido. Amma mai terabayit da yawa, kwafarsa kaɗai ta layin sadarwa tana iya cin yini. Dabarar da SQL Server ya bayar tana da kyau ƙwarai. Kwanaki kafin ƙaura a ɗauki cikakken kwafi a maido shi a sabuwar sabar da zaɓin NORECOVERY, wanda ke barin rumbun yana jiran ƙarin kwafi, ba a fara aiki da shi ba. Idan hanyoyin faifai sun bambanta, a yi amfani da MOVE a nuna wa kowane fayil sabon mazauninsa. Daga nan a bi shi da kwafin bambanci, sannan kwafin kundin mu'amala ɗaya bayan ɗaya, bi da bi, ba a tsallake ko ɗaya, duk a yayin da jama'a ke aikinsu a tsohuwar. Daren ƙaura sai a tsayar da manhaja, a ɗauki wutsiyar kundin, wato ragowar da ba a riga an ɗauka ba, ita ma da NORECOVERY. Wannan yana yin aiki biyu a lokaci guda: ya kwaso mu'amala ta ƙarshe, ya kuma rufe tsohon rumbun yadda ba wanda zai ƙara rubutu a ciki. A kai wutsiyar sabuwar sabar, a maido da RECOVERY. A daidai nan ne saƙonnin ɗaga sigar nan za su gangaro. Aikin yini ya koma na mintuna. Sharaɗin shi ne rumbun ya kasance a cikakken tsarin farfaɗowa, idan a sauƙaƙƙen tsari yake to babu kwafin kundi, sai a tsaya a na bambanci. Kuma a tuna kwafin bambanci ba ya hawa kan cikakken da aka ɗauka da COPY_ONLY, don haka na ainihin ƙaurar sai a daidaita shi da tsarin ajiyar ma'aikata.

Duk wannan ba a koyonsa a daren ƙaura. A yi cikakken gwaji tun daga farko har ƙarshe, a rubuta kowane mataki da lokacin da ya ci, a sa masu amfani da manhajar na gaskiya su zauna su yi aikinsu na yau da kullum a kan kwafin gwajin. Su ne za su gano maɓallin da ba ya aiki, ba mai kula da rumbu ba.

Bayan an tsallaka lafiya, ƙorafin da ya fi zuwa shi ne sabuwar sabar, mai ƙarfi da tsada, ta fi tsohuwar nauyin jiki. Ruwa ba ya tsami banza. A SQL Server 2014 aka sake fasalin ɓangaren da ke ƙiyasta yawan layukan da tambaya za ta dawo da su, kuma sabon fasalin yana fara aiki ne daga mataki na 120. Yawancin tambayoyi suna amfana ko su zauna yadda suke, amma wasu kaɗan sukan samu mummunan tsari, tambayar daƙiƙa biyu ta koma ta mintuna. Shi ya sa ba na goyon bayan a ɗaga matakin jituwa a daren ƙaura. Rumbun da aka maido yana riƙe da tsohon matakinsa matuƙar sabuwar sigar tana karɓarsa, a bar shi haka. A kunna Query Store, wanda ya zo da sigar 2016, ya tattara tarihin yadda kowace tambaya ke gudana na ɗan lokaci. Sannan a ɗaga matakin a wata rana daban. Idan wata tambaya ta lalace, ga shaidar yadda take a da, kuma ana iya tilasta mata tsohon tsarinta, ko a sauke matakin nan take, tunda shi ana iya sauke shi. Sauyi biyu a dare ɗaya yana hana a gane wanne ne ya jawo matsala.

A sabunta ƙididdigar teburi ma, wadda sabar ke dogara da ita wurin tsara amsar tambayoyi. A PostgreSQL wannan ba zaɓi ba ne: bayan an maido daga pg_dump a gudanar da ANALYZE, umarnin da ke tattara wannan ƙididdiga, kafin a buɗe wa kowa, in ba haka ba mai tsara tambayoyi zai yi ta lalube cikin duhu. A kuma kwatanta saitin sabobin biyu, iyakar ƙwaƙwalwar da aka ware, yawan fayilolin tempdb da makamantansu, domin tsohuwar ta sha gyare-gyare na shekaru waɗanda ba lallai an rubuta su a ko'ina ba.

Abu na farko da za a yi a sabuwar sabar, kafin a tafi barci, shi ne ɗaukar cikakken kwafin ajiya da tabbatar da cewa ayyukan ajiya na kullum sun fara gudana. Tsohon rumbun kuma a bar shi a rufe, kada a bar shi a buɗe don ko-ta-kwana, saboda kusan kullum akwai wata ƙaramar manhaja ko wani rahoto da aka manta, mai riƙe da tsohon adireshi. Idan ta tarar da ƙofa a rufe za ta yi kuka a gano ta. Idan ta tarar a buɗe za ta ci gaba da zuba bayanai a inda ba mai dubawa, a wayi gari bayanan ma'aikata sun rabu gida biyu.

Kashe tsohuwar na'urar baki ɗaya kuwa kada a yi gaggawarsa. Akwai ayyukan da ba sa tashi sai ƙarshen wata, kamar lissafin albashi, wasu sai ƙarshen zango, wasu sai rufe shekara. A jira aƙalla a ga ƙarshen wata ya wuce lafiya a kan sabuwar. Kafin a goge ta, a fitar da rubutun duk asusunta da ayyukanta da saitinta da satifiket ɗinta, a haɗa da kwafin ajiya na ƙarshe a adana. Idan doka ko ƙa'idar ma'aikata ta wajabta riƙe tsofaffin ajiya na shekaru, a rubuta sigar da aka ɗauki kowanne da ita a jikinsa, a kuma adana kayan girka sigar da za ta iya buɗe shi.